Alhamdulillah na karya lagon dogayen kalmomin Jamusanci, saura wannan 's' ɗin tsakiya

Jama'a ku taya ni murna, yau na karanta Rindfleischetikettierungsüberwachungsaufgabenübertragungsgesetz daga farko har ƙarshe ban tsaya shan iska ba, kuma ba haddar aku ba, na san me kowane yanki yake nufi. Harafi 63 ne, na ƙirga da biro. Sunan wata doka ce ta jihar Mecklenburg-Vorpommern da ke arewa maso gabashin Jamus, an kawo ta majalisar jihar a 1999 lokacin da ciwon haukan shanu ya tayar da hankalin Turai, kuma ko su 'yan majalisar da suka ji sunan sai da suka yi dariya, ministan noma Till Backhaus har haƙuri ya bayar kan tsawonsa. An soke dokar a 2013 amma kalmar ta ƙi mutuwa, kowane ɗalibin Jamusanci sai an tsoratar da shi da ita.

A tsarina wannan watan kamata ya yi a ce ina kan ƙarshen sifofi da su Dativ (yadda kalma ke sauyawa in ana nufin wanda aka yi wa abu), in gama in shiga gwajin sauraro, amma ina, tun da na ci karo da waɗannan kalmomin komai ya cakuɗe, yanzu ban ma san babin da nake ba.

Ga abin da ya buɗe min kai. Duk mun san kalmar ƙarshe ita ce uwar gida, ita ke ba da der ko die ko das, wato alamar jinsin kalmar, wannan tun a A1, matakin farko na koyo, ake faɗa. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne idan ka faro daga ƙarshe kana dawowa baya, jerin da zai fito maka jerin Hausa ne sak. Mu muna cewa naman shanu, nama a gaba, su suna cewa Rindfleisch, shanu a gaba nama a baya. To ɗauki dodon nan ka juya shi: Gesetz doka, Übertragung miƙawa, Aufgaben ayyuka, Überwachung sa ido, Etikettierung liƙa takardar shaida, Fleisch nama, Rind saniya. Dokar miƙa ayyukan sa ido kan liƙa takardar shaida a naman shanu. Shi kenan fa! Ko kalma ɗaya ban canza wa wuri ba. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Na gwada da Kraftfahrzeughaftpflichtversicherung mai harafi 36, ya ba ni inshorar ɗaukar alhakin ɓarnar mota. Na gwada da tsohon abin wasan nan Donaudampfschifffahrtsgesellschaftskapitän, ya ba ni kyaftin na kamfanin zirga-zirgar jiragen ruwa masu tururi na kogin Danube, kuma kamfanin na gaske ne, a Vienna aka kafa shi a 1829. Af, f guda uku da kuke gani a jere ba kuskuren bugu ba ne, gyaran rubutu na 1996 ne ya kawo hakan, da can biyu ake rubutawa, don haka in kun ga biyu a tsohon littafi kar ku yi faɗa da shi.

To karatu ya samu. Rubutu ne ya zame min ƙarfen ƙafa, kuma duk saboda harafi ɗaya, wannan s da suke cusawa tsakanin kalmomi, Fugen-s. Wajen karatu abokina ne, kamar gaɓar rake, yana nuna min inda zan sara. Amma ni in haɗa kalma da kaina, nan ake yin ta. Mu a Hausa mahaɗinmu yana da mutunci, namiji da jam'i -n, mace -r, gidan sauro, motar haya, da wuya ya saɓa alkawari. Na Jamusanci kuwa sai yadda ya ga dama.

Akwai dai inda za ka dogara da shi: bayan -ung, -heit, -keit, -schaft, -ion da -tät kusan kullum sai s ya zo, shi ya sa dokar naman shanu take da guda uku, duka bayan -ung. Madalla. Daga nan kuma sai daji. Da farko zuciya za ta ce maka s ɗin mallaka ne, na Genitiv, to amma die Liebe, soyayya, mace ce, ba ta ɗaukar s a mallaka ko kusa, sai ga Liebesbrief. Die Geburt, haihuwa, ma mace, sai ga Geburtstag. Ɗauki Arbeit, ɗakin aiki Arbeitszimmer da s, mai ba da aiki Arbeitgeber babu s. Ɗauki Kind, yaro, ka sha kallo: Kindergarten, Kindesalter, Kindskopf, Kindbett, kalma ɗaya mahaɗi iri huɗu. Ita kanta saniyar, Rindfleisch, Rinderbraten, Rindsleder. Tag, yini, ma haka, Tagebuch, Tageszeitung, Tagtraum. Haba don Allah.

Abin da ya fi ƙona min rai, su ma masu harshen ba su daidaita ba. Dokar haraji tana rubuta Einkommensteuer da s ɗaya, mutane da yawa suna rubuta Einkommenssteuer da biyu, kuma duka sun halatta. Gasasshen naman alade a arewacin Jamus Schweinebraten, a Bavaria da Ostiriya Schweinsbraten. Sannan wani wurin s ɗin yana juya ma'ana gaba ɗaya, Landsmann ɗan ƙasarku ne, Landmann manomi. Saboda wannan na sa aka taho min da wani ƙaton littafin nahawu daga waje, da na lissafa kuɗin Yuro zuwa naira har da na ɗauko sai da cikina ya ɗuri ruwa, na ce ba komai ai zai warware min, na buɗe babin sai na tarar shi ma jerin misalai ne da nasihar a riƙa duba ƙamus. Kuɗina dai sun tafi. Yanzu abin da nake yi, kowace kalma ina haddace ta da rigar da take sawa in za ta shiga gaba, a katina ba na rubuta Liebe kaɗai, sai na ƙara Liebes- a gefe, Sonne da Sonnen-, Hund da Hunde-. Yana aiki amma a hankali ƙwarai.

Da na gaji sai na leƙa Holanci don in huta, wai ko maƙwabta sun fi sauƙi. Dabarar juyawa tana aiki can ma, arbeidsongeschiktheidsverzekering inshorar kasa yin aiki ce, meervoudigepersoonlijkheidsstoornis mai harafi 35 sunan wata larurar ƙwaƙwalwa ce, akwai ma ta barkwanci kindercarnavalsoptochtvoorbereidingswerkzaamheden, ayyukan shirya jerin gwanon bikin kanibal na yara. Amma s yana can yana jirana, stadhuis babu, stadspark akwai, kuma ƙa'idarsu wai ka rubuta s in kana jin sa a furuci. Ni da nake zaune a nan kunnen wa zan ara? Ga kuma n da suka ƙara wa pannenkoek a gyaran 1995, ana rubuta shi amma yawanci ba a furta shi.

Holanci ne dai ya ba ni dariyar makon. Massagebed, in ka sara bayan massage gadon tausa ne, in ka sara bayan massa kuwa addu'ar taron jama'a ce, rubutu iri ɗaya. Jamusanci ma yana da irinsu, Wachstube ko ɗakin masu gadi ko bututun kakin zuma, Staubecken ko matattarar ruwan dam ko lungunan ƙura. A nan juyawa ko s ba za su taimaka ba, sai dai jimlar ta cece ka.

Inda dabarata ta faɗi warwas kuwa lambobi ne. Duk adadin da bai kai miliyan ba a haɗe suke rubuta shi, 777,777 ya zama siebenhundertsiebenundsiebzigtausendsiebenhundertsiebenundsiebzig, harafi 65, ya ma fi dokar shanun tsawo, kuma ba a karanta shi daga baya, ɗaruruwa daga gaba suke tafiya sannan a 77 ɗin a juya a ce bakwai da saba'in. A takarda ina iya bi da biro, amma in aka faɗe shi da sauri a gwajin sauraro kafin in juya na farko an wuce na biyu. Wanda ya riga ya haye wannan a cikinku don Allah ya faɗa min yadda ya yi, ni dai gobe da farashin kaya da lambobin waya zan tashi, Dativ ya ƙara haƙuri.