Godiya ga duk wanda ya sa hannu a shirin dogon hutun yaranmu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, shirin da muka haɗa wa yaran unguwarmu a wannan dogon hutun ya zo ƙarshe, kowane yaro ya koma hannun iyayensa lafiya lau, ba ƙuna ba yanka, kuma duk wadda ta taɓa tara yara kusa da wuta da wuƙa ta san wannan kaɗai ya isa a yi wa Allah godiya. Tun ranar walimar rufewa nake son in yi rubutun nan gajiya ta hana, to yau dai ga ni.

Da iyaye zan fara, musamman waɗanda suka ɗaga mana hankali da tambayoyi tun farko, don wallahi su suka gyara mana tafiyar. Muna fitar da sanarwa aka ga an rubuta girki da yoga da koyon natsuwa, sai kira ya yi ta shigowa, Hajiya mene ne kuma yoga, ba dai bautar Indiyawa za ku koya wa 'ya'yanmu ba? Kuma ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Abin asalinsa daga Indiya ne, yana da jijiya a addininsu, daga baya ne ya bazu duniya a matsayin motsa jiki har Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014 ta ware masa ranar 21 ga Yuni. Uban da ya ji haka ya yi shiru ai shi ne abin tsoro. Sai muka kwashi komai muka kai gaban limamin masallacin unguwa, Allah Ya ƙara wa Malam lafiya, bai ce eh ba bai ce a'a ba sai da ya zo da ƙafarsa ya zauna ya kalli yadda ake yi da yara maza, sannan ya ce miƙe gaɓɓai da jan numfashi ba komai, amma duk wani abu mai kama da rusuna wa rana ko rera wasu kalmomi da ba mu san ma'anarsu ba a ajiye shi. Haka aka yi. Mata a cikin gida da malamarsu, maza a fili da nasu malamin.

Kuma Malam bai tsaya nan ba, shi ya ɗauki darasin natsuwa ya ɗora shi kan abin da yaran suka riga suka sani a Islamiyya, cewa in ranka ya ɓaci kana tsaye ka zauna, in bai wuce ba ka kwanta, sannan ciki a kasa shi uku, abinci da ruwa da numfashi. Aka raba musu dabino ɗai-ɗai aka ce kowa ya yi bismilla ya ci a hankali, kar a haɗiye sai an ji zaƙinsa sosai. Ku zo ku ga yaron da ko minti ɗaya ba ya iya zama wuri guda ya runtse ido yana tauna dabino kamar mai lissafin gado, mu manya muna gefe muna danne dariya.

Sai kakanninmu. Gaskiya a nan ne bakina ya yi kaɗan. Mun zauna mun tsara girke-girke daga abin da muke gani a intanet, har da su salak kala-kala da sai an je babban kanti, sai wata Hajiya kakar ɗaya daga cikin yaran ta leƙo ta saurare mu ta ce ke 'yar nan, yaran da iyayensu ke auna shinkafa da gwangwani za ki koya wa wannan? Washegari ta aiko da madambacinta. Ita ta koya musu dambu tun daga wanke tsaki, a tsane shi, a gyara zogale a cire itatuwan, a turara, a sauke a zuba albasa da dakakkiyar gyaɗa da ɗan mai a sake mayarwa, tana zaune kan kujera 'yar tsugunno tana ɗanɗanawa da bayan hannu tana cewa bai yi ba, a ƙara masa tururi. Ƙawarta kuma ta ɗauki ɗanwake da kwaɗon rama da kunun gyaɗa na tsamiya. Yaran da a gida ba su san komai ba sai taliyar leda da lemon kwalba sai ga su suna rigima a kan kankarar tukunya. Hajiya, Allah Ya ja kwana, Ya sa ku gama da duniya lafiya.

Godiya ga 'yar'uwarmu nas da take baro aikin dare ta biyo ta nan ko gida ba ta je ba. Ita ta sa musu dokar wanke hannu da sabulu kafin a taɓa komai, da wanke ganye da kyau, don damina ce kowa ya san yadda amai da gudawa ke yi mana a garin nan. Ta auno gishiri a ƙaramin cokalin shayi ta ɗaga ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kar ya kai giram 5 a yini, kusan wannan ɗin kenan, yaro kuma ƙasa da haka, iyaye mata da ke wurin kowa ta yi tsuru-tsuru don mun san abin da muke zubawa a miya ga gishiri ga dunƙule. Ta nuna musu yadda daddawa da citta da tafarnuwa ke ɗaga miya ba sai an cika sinadari ba, da zoɓon da aka haɗa da abarba da dabino maimakon a juye masa sukari. Ita ce kuma ta gaya mana hukumar ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, mu kuwa namu in an yi hutu daga waya sai talabijin.

Ba zan manta da 'yan kasuwa ba. Bawan Allahn da ke kawo mana kayan miya da alayyafo daga Yankaba kullum sai ya yi mana gyara mai yawa, wani Alhaji a 'Yan Lemo ya aiko da kankana da ayaba ya ce sadaka ce kar a ambaci sunansa, to Alhaji ban ambata ba amma Allah Ya sani. Waken suyan da aka yi awara da shi da geron kunu daga Dawanau wani uba ya sayo mana da kuɗinsa. Mai adaidaita sahun da ke kwaso yaran nesa, ruwa ko rana bai taɓa makara ba. Maƙwabcinmu da ya buɗe mana garejinsa ranar da iska ta kwashe rumfa ruwa ya sauko muna tsakiyar suya, aka yi ta gudu da kurfoti da tabarmi, Allah Ya buɗa masa kamar yadda ya buɗa mana. Mai unguwa da ya ba mu izini ya kuma zo rufewa, ranka ya daɗe mun gode. 'Yan matan da suka yi ta wanke-wanke ba ko sisi, Allah Ya ba ku mazaje nagari.

Ku kuma yarana, na gode da kuka jure faɗana. Wata uwa ta kira ni jiya tana dariya wai ɗanta namiji ya hana ta ƙara gishiri a miya, ya ce Anti nas ta hana, har Abbansu ya goya masa baya. Don Allah iyaye in sun ce za su shiga kicin a bar su, maza da mata, a dai tsaya a kansu.

Takardar girke-girken za mu tura a guruf ɗinmu na WhatsApp in sha Allahu cikin satin nan. Sannan akwai kulolin abinci da hijabai ƙanana da takalmi wari ɗaya da aka bari a wurina, mai shi ya aiko a karɓa kafin a koma makaranta.