Aikin taurari a Cape Town, jaka na bakin ƙofa

Na sauka Cape Town, a Afirka ta Kudu, a watan Yuli, gida ana tsakiyar damina, nan kuwa hunturu ne, hunturun ma mai ruwan sama da iska, ga ɗakin da na kama ba abin ɗumama shi, sai da safa da rigar sanyi biyu nake iya bacci. Abinci dai alhamdulillahi, musulmi suna da yawa, naman halal ba wahala, in ina son Juma'a mai daɗi sai in hau tasi zuwa Bo-Kaap inda masallacin Auwal yake tun 1794. Tuwo ma ban rasa ba, garin masarar da suke pap da shi ya wadatar, kuka ce kawai sai an aiko.

Mutanen gida sun ɗauka kullum dare ina kan dutse ido a madubin hangen taurari. Ina! Babban madubin ƙasar, SALT, yana can Sutherland, tafiyar wajen awa huɗu a mota, kuma ba zuwa kake ba, takarda za ka rubuta ka roƙi lokaci ka faɗi tauraron da kake so da dalili, in kwamiti ya yarda ma'aikatan can su duba maka su turo sakamako ta intanet. MeerKAT kuwa da aka buɗe a 2018, faranti 64 ne a dajin Karoo masu kama siginar rediyo daga sama, ko wayar hannu ba a bari ka kunna kusa da su don kada ta ɓata aikin. To ni aikina zaman kwamfuta ne, rubuta manhaja da yaren Python safe da yamma, sai koyar da 'yan aji ɗaya fiziks, yaran da ke kiran farfesa da gatsal sunansa ko a jikinsu. Ni har yau bakina ya ƙi.

Abin da ba a gaya maka shi ne wannan sana'ar ba ta barin mutum ya zauna. Ka gama digirin dakta, sai kwantiragin bincike na shekara biyu ko uku, kafin ka gama gane hanyar kasuwa ka fara cike takardun neman wani, wataƙila Jamus wataƙila Chile, kujerar lakcara ta dindindin kuwa in ɗaya ta fito duniya ce za ta taru a kanta, ana ƙirga maka takardun da ka wallafa da kuɗin bincike da ka jawo. Bizarka ma da kwantiragin take rataye. Shi ya sa ban sayi firji babba ba.

Hajiya kullum tambayarta biyu ce, yaushe za a ga watan azumi, yaushe zan ɗauko iyali. Ta farko ina iya lissafa mata, ta biyun sai dai in ce Hajiya a taya mu da addu'a, takarduna na hannun jami'o'i ina jiran amsa.