Jikin ya yi sanyi, muka ce sauƙi ne

Shekaranjiya da la'asar, a bakin kasuwar Wadata, na tarar da ɗan maƙwabcina tsugune gaban mai tallar magani, irin masu jera kwalaye a faranti rana na dukansu. Na ce, "Ɗana, wa ba shi da lafiya?" Ya ce, "Baba ne, Kawu. Palu ce da ɗan tari." Palu dai ita ce zazzaɓin cizon sauro. Na tambaye shi numfashin fa. Ya ce in ya tashi alwala sai ya zauna ya huta kafin ya koma ɗaki, amma jikin ya yi sanyi, da sauƙi. Yana magana idonsa na kan waya. Gabana ya faɗi, don maganar nan ni na fara yin ta, a hunturun ƙarshen 2020.

Korona ta shigo Nijar ranar 19 ga Maris 2020. Aka rufe masallatai, aka sa dokar hana fitar dare a Yamai, azumi na gabatowa matasa suka yi ta ƙona tayoyi a unguwanni. Ina cikin masu cewa ciwon Turawa ne, zafin Yamai kaɗai ya ishe shi. Ko da aka ce ita ta yi ajalin ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar a farkon Mayu, cewa na yi ai manya ne, masu hawa jirgi. Kafin sanyi ya shigo mun jefar da takunkumi, mun koma musabaha.

A lokacin ne Yayana ya kwanta. Ya haura sittin, yana da ciwon suga da hawan jini, ni nake riƙe da shi tun da ya bar Tawa. Masassara, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari. Na sayo maganin palu ba awo, na haɗa da kulorokin don na ji ana yabonsa, aka dafa masa ganyen bedi ya yi surace. Wata safiya na miƙa masa shayi, ya kurɓa ya ce, "Yau ba ka sa na'ana'a ba?" Alhali ta cika kofin. Na san abin da rashin jin ƙamshi yake nufi, rediyo ta faɗa har mun gaji da ji. Na kawar da kai.

Ba don in wanke kaina ba, amma ku tuna irin maganganun da ake yi a lokacin. Ana cewa wanda aka ɗauka ba a sake ganinsa, in ya rasu ba wanka, ba sallar jama'a. Ana cewa gidan da motar likita ta tsaya, ko mai tallar koko ba ta ƙara shiga. Ina da shago, ina ciyar da gida biyu. Shi kansa ya riƙe hannuna ya ce, "Don Allah kada ka kai ni can, in mutuwa ce ta same ni a ɗakina." Ƙane ya tsallake maganar yayansa? Kuma masassarar ta sauka, har ya ci tuwo. Wa zai ga haka bai ce sauƙi ya samu ba? Duk wannan gaskiya ne. Amma na gan shi yana sallah a zaune, na ji yana yanke magana biyu don ya ja iska, kuma na tafi kasuwa.

Daren da leɓunansa suka canza launi muka kai shi likita. Majon da ya karɓe mu, wato babban ma'aikacin jinya, ya maƙala masa ɗan ƙaramin abin awo a yatsa, lamba ta fito 78. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ina kuke tun tuni?" Shi ya bayyana mini cewa mai lafiya yana tsakanin 95 da 100, ƙasa da 90 kuwa ciwo ya yi tsanani. Suka kifa shi rub da ciki, suka sa masa iskar oksijin, suka yi masa allurai. Ban ga abin da suka rage ba. Bai fito ba. Allah Ya jiƙansa.

Daga baya na bi na tambaya, kamar mai neman inda zai ajiye laifi. Cikin mutum ɗari da suka kamu a farkon annobar, kusan 80 ciwon bai yi musu nauyi ba, kusan 15 sai da oksijin, 5 kuma rai a hannun Allah. Mafi yawan waɗanda ta kayar tsofaffi ne da masu suga, hawan jini, ciwon zuciya ko ƙiba, wato Yaya sak. Makircin ciwon kuma a mako na biyu yake: zafin jiki na iya sauka a daidai lokacin da huhu ke kumbura, iskar jini ta yi ƙasa mutum bai ma ji ba. Tun Yunin 2020 likitocin Ingila suka nuna cewa dekzametazon, magani mai araha, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, ɗaya cikin biyar ga masu oksijin. Kulorokin ɗin da na dogara da shi kuwa an gwada, ba ya hana komai. Wata shida maganin yana nan, ni ina dafa bedi.

To kada wani ya ji wannan ya ruga farmasi. Dekzametazon ba ya amfanar wanda bai kai ga oksijin ba, kuma yana tayar da suga. Na san ku ƴan zamani, yanzu wani zai ɗauki hoton sunan ya watsa a WhatsApp. Kuna da boko, kuna da intanet a aljihu, abin da mu ba mu samu ba, amma muryar wani da ba ku san fuskarsa ba ta fi muku likita.

Na zauna da niyyar jera shawarwari da yawa, sai na ga ba su da yawa. Masassara a yi mata awo, awon palu bai kai rabin awa ba, in ya nuna babu a daina ɗura wa mutum maganinta. Ku bar taɓa goshi kuna yanke hukunci, ku dubi ƙirji. Babba mai suga ko hawan jini da ya kasa ƙarasa magana sai ya huta, ko ya fara ruɗewa, ko leɓensa ya canza, a daren nan ake kai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona a Mayun 2023, amma cutar ba ta tafi ba, kuma ko wani ciwon huhu ne alamun haɗarin ɗaya ne. Na san kuɗin ordinansi, wato takardar magani, ba wasa ba ne, na san wani ko jika biyu ba ya da ita. A ci bashi. Ni da nake hana ƴaƴana bashi nake faɗa.

Kullum ina faɗan cewa ƴan zamani ba ku jin maganar manya, kuma ban janye ba. Amma ranar da mahaifinka yake haki yana cewa a bar shi, kada ka ji. Ka kira kawunka ko limamin unguwa su sa baki, ka tsayar da taksi. Zai yi fushi, ya yi.

Yara kuwa korona ta fi yi musu sauƙi, jikokin Yaya mura kawai suka yi. Amma jarirai da masu sikila da masu tamowa ba a sakaci da su, kuma akwai wani kumburin jiki da kan biyo baya mako 2 zuwa 6, ba kasafai ba: masassarar da ta ƙi sauka, ciwon ciki, jan ido, ƙuraje, har ya taɓa zuciya. Ke uwa, ɗaga rigar yaron yana kwance shiru ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur. Ɗan ƙasa da wata 2 in ya kai 60, ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko ƙasan haƙarƙarinsa na shigewa ciki, ko ya ƙi nono, ki goya shi ki tafi likita. Kada ki jira maigida ya dawo daga fada.