Kwamitin makaranta ya fito cikin unguwa mana

Wallahi abin da ke damuna da yawancin kwamitocin SBMC na firamarenmu, wato kwamitocin al'umma masu kula da makaranta, shi ne sun ɗauka aikinsu a ofishin hedimasta yake, a zo a zauna a sa hannu a watse. To ai ba don haka aka kafa su ba. Shi ya sa tsarin ya ce a saka dagaci ko mai unguwa, da malamin addini, da mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a irin magina da kafintoci, har da yaran makarantar. So ake unguwa ta ji makarantar tata ce, ba ta SUBEB (hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha) ko ƙaramar hukuma kaɗai ba.

Amma fa ba wanda zai zo taro don an aika takarda ta hannun yara. Shugaban kwamiti shi zai bi mutane inda suke, ya roƙi liman minti biyar bayan sallar Juma'a ya ce jama'a rufin 'yan aji uku ya yaye tun damina kuma yara a ƙasa suke zaune, ya leƙa majalisar dattawa da yamma ya maimaita. Mata kuwa nan ne muke sakaci sosai, alhali uwa ce ke ɗora wa yarinya farantin talla da safe ko ta ce sa yunifom ki tafi, kuma ba za ta zo ta zauna cikin maza ta yi magana ba, sai dai matan kwamiti su shiga gida-gida ko su same su a islamiyyar matan aure. Lokacin shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi a Kano da Kaduna da Jigawa an horar da kwamitoci sosai a kan wannan, ban ga dalilin da za a bar wannan aikin ya mutu ba.

Sai batun kuɗi. In an tara gudummawa a rubuta a kwali a liƙa a ƙofar makaranta, nawa aka samu, kwano nawa aka saya, buhun siminti nawa, nawa ya rage. Mutanenmu ba rowa gare su ba, tsoron a cinye suke.

In malami ya daina zuwa aji kuma, a fara yi masa magana cikin mutunci, in ya ƙi a rubuta wa sakataren ilimi takarda dagaci ya buga hatimi, mutum uku su kai da kansu.