Kusurwa huɗu da damina biyu: sana'ar firam a Aboabo

Mai wucewa ta ƙofar shagona a Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Gana, yakan ɗauka ni mai sayar da hotuna ne, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da zai gani a rataye ke nan: Ka'aba, Ayatul Kursiyyu da ruwan zinariya, Shehu Ibrahim Inyass, babban limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu, can gefe kuma sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na biyu, tunda maƙwabtanmu Asantawa su ma suna shigowa ciniki. Hotunan duk na wasu ne. Rabona a ciki shi ne katako guda huɗu, gilashi, da abin da ke bayan hoton, wanda a cikin mutum goma da kyar ɗaya zai juya ya duba.

Kafinta na fara koya, a 2001, a unguwar Anloga ta nan Kumasi, tun kafin a kwashe masu aikin katakon wurin zuwa Sokoban saboda sabuwar hanyar Oforikrom zuwa Asokwa. Mastana ɗan ƙabilar Ewe ne, da Twi muke magana. Kujeru da ƙofofi ne aikinsa, firam kuwa sai dai in wani ya roƙa, shi kuma ya tura mini don yana ganin wasan yara ne. A nan hannuna ya faɗa. Da na sami 'yanci na kama wannan ɗan shagon a 2009, da zarto ɗaya, guduma, da akwatin yankan kusurwa da na haɗa da kaina.

A shekarar ne na sha karatun da har yau ban manta ba. Wata makaranta ta ba ni aikin firam 30 na takardun yabo. Watan Oktoba ne, ana cikin ƙaramar damina. Na sayi katako da safe, na yanka da rana, na haɗa washegari, na shafa fenti, kowa ya yaba. Hunturu na shigowa, a watan Janairu, sai ga shugaban makarantar da firam uku a hannu. Kowace kusurwa ta buɗe baki ta ciki, har tsinken tsintsiya zai shiga. Ya ce, "Malam, sauran 27 ɗin ma haka suke." Ban yi musu ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na sake su duka da kuɗina, wata biyu ina biyan bashi.

Abin da ya faru shi ne, katako ba ya tsukewa ta tsawonsa, ta faɗinsa yake tsukewa. In ka yanke shi a karkace yana ɗanye, da ya bushe faɗin ya ragu, yankan ya daina zama daidai, sai bakin waje ya tsaya a haɗe, na ciki ya rabu. In kuma busasshe ne ƙarau aka kai shi ɗaki mai laima ya kumbura, ta waje zai buɗe. Yanzu in aka kawo mini tsohon firam gyara, kusurwar nake fara kallo, ita za ta gaya mini ko ɗanye aka yanka ko ɗakin ne ke da ruwa. Mu a Kumasi muna tsakanin wuta biyu: damina babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan iskar hunturu ta zo ta tsotse komai. Firam ɗin da ya ga hunturu biyu bai motsa ba, shi ne ya ci jarrabawa.

Saboda haka ba na yanka katako ranar da na sayo shi daga Sokoban. Ina jera shi a rufin shago, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya yi makonni. Mastana kumatunsa yake ɗora wa katako, in ya ji sanyi ya ce da saura. Ni nakan ƙara da sikeli: in auna guntu ɗaya duk mako, ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya isa yanka.

Katakon da muka fi aiki da shi sunansa wawa. Da Twi ke nan, amma duk Bahaushen da ya ji sai ya yi dariya. Wani Alhaji ya taɓa ce mini, "Hoton mahaifina za ka sa a cikin wawa?" Fari ne, marar nauyi, mai taushin yanka, yana shan fenti da kyau. Aibinsa ƙwaro. In ka ga wani gari mai laushi yana zuba a ƙasan firam kamar an barbaɗa, to ana cinsa ta ciki, don haka sai an shafa masa magani kafin fenti. Odum kuwa ƙwaro ba ya kusantarsa, amma yana da nauyi, yana da tsada, yana dakushe zarto, ƙurarsa kuma ta sa ka atishawa har la'asar. Ga wanda aljihunsa zai ɗauka, mahogani na fi so, a shafa masa banish kawai ƙwayar katakon ta fito.

Wurin yanka ne yarana ke shan faɗa. Firam kusurwa huɗu ne amma yanka takwas, kowane a kan digiri 45. Ka kauce da rabin digiri a kowane, in an tara ya zama digiri 4, kuma duk a kusurwar ƙarshe zai taru ya tona maka asiri. Uku za su zauna lafiya lau, ta huɗu ta ƙi. Abu na biyu da sabon yaro ba ya ganewa: ko yankan ya yi daidai, in gefe biyu masu fuskantar juna suka bambanta da tsawon farce, ba za a haɗu ba. Shi ya sa nake kafa ɗan katako a kan teburi ya tare bakin, a yanka biyun a awo ɗaya. Bayan an haɗa a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye, sau biyu. In awon biyu ya zo ɗaya, firam ya miƙe.

Lissafin katako ma akwai tarko. Hoto mai inci 16 da 20, kewayensa inci 72 ne. Yaro zai yanko 72 ya zo yana murna. To ina kusurwoyin? Sai ka ƙara faɗin katakon sau takwas. In faɗinsa inci 2 ne, ƙarin 16 ke nan, ya zama 88, da abin da zarto zai ci kuma gara ka tanadi ƙafa 8 cif.

Gam fari muke sawa, amma bakin da aka yanka yana shanye shi kamar busasshen gari. Na farko a shafa kaɗan a bari ya shige, na biyu shi ne mai riƙewa. Kafin in sayi injin da ke harba ƙusa mai siffar V ta baya, igiya nake zagayawa in cusa 'yan guntayen katako in tura su zuwa kusurwoyi har ta ɗame. Na koma wa igiyar nan da zarton hannu a 2015, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke lantarki, ya hana mu wuta, kuma wallahi aikin bai fi na inji muni ba, jinkiri ne kawai.

Gilashi ba shi da dogon zance. Mai kauri milimita 2 ya ishi ƙaramin hoto, babba a sa 3. A tsoma daimon, abin yankan gilashi, a kananzir, a ja layi sau ɗaya tak, a karya nan take. Wanda ya koma kan layin sau biyu ya ɓata daimon ya ɓata gilashi. A kuma rage shi da kamar milimita 2 daga gurbinsa, don in katako ya tsuke da hunturu kada ya matse shi ya tsage.

Inda na fi son a saurare ni shi ne maganar hoto da gilashi. Kada su taɓa juna. Da damina gilashi yana gumi ta ciki, fuskar hoto ta jiƙa ta yi danƙo, ta bushe a jikinsa. Shekara biyu, uku, sun zama abu ɗaya. Maganin kuwa ba tsada: kwali mai kauri da aka yanke wa taga a tsakiya, ya zauna tsakanin hoton da gilashin. Mutane suna ɗauka ado ne, har wasu su ce in cire a rage musu kuɗi.

Wata tsohuwa daga Asawase ta zo mini da firam a naɗe cikin zane. Hoton mijinta ne, marigayi, baƙi da fari, yana sanye da babbar riga, an ɗauka tun suna amarci. Gilashin ya tsage ta gefe ɗaya. Ta ce, "Ɗana, canza mini gilashin nan kawai." Ina juya shi na cire ƙusoshin, na ga daga kafaɗa zuwa rawani duk ya manne. Yarona ya kai hannu zai ja, na buge hannun.

Na ce, "Mma Hajiya, akwai wani irinsa a gida?"

Ta ce, "Shi ke nan. Wanda ya ɗauka ma ya daɗe a ƙasa."

Na ce mata in na ja, fuskar Alhaji za ta biyo gilashi, takarda ta zauna fara. Akwai masu jiƙa irin wannan a ruwa, wani lokaci ya saki, wani lokaci ya narke gaba ɗaya, ni kuwa ba zan yi caca da abin da ba shi da na biyu ba. Ta yi shiru, ta ce, "To yi yadda ka gani, Allah ya yi maka albarka." Na kai shi wurin mai hoto a Adum, aka ɗauke shi ta cikin gilashin, aka share tsagin a kwamfuta, aka wanke sabo, na yi masa firam na mahogani da kwalinsa. Tsohon kuwa na bar shi da tsagaggen gilashinsa, na ɗora wani sabo a kai ya riƙe shi, na rufe. Da ta zo karɓa, sabon ta miƙa wa jikarta, tsohon ta mayar cikin zanenta.

Bayan firam kuma nan ake ha'inci. Kwalin katon na indomi ko na sabulu shi ne mafi araha, shi ne kuma ke jan laima, ya kawo fumfuna, ya mayar da farar takarda ruwan ƙasa. Takardun digiri nawa na buɗe, na jami'ar KNUST da sauransu, na tarar da zanen layukan kwali ya fito a bayansu. Salatif ma haka, yana barin tabo mai maiƙo da ba ya fita. Ni farar takarda mai kauri nake shimfiɗawa, sannan filawud siriri, sannan in liƙe kewayen da takardar gam don ƙura da kyankyaso. Takardar shaida kuma ba na shafa mata gam sam, ta sama kawai nake rataye ta da 'yan guntaye biyu, ta sami damar motsi. A ƙasan firam ta baya nakan manna guntun tsohon silifas biyu, su ɗaga shi daga bango iska ta wuce. Bangon bulo da ruwan sama ke duka ta waje ya kashe hotuna fiye da yara masu ƙwallo.

Ayoyi suna da nasu ladabin. In alhazai sun dawo aiki yakan yi yawa, kowa da naɗaɗɗiyar takardarsa daga Makka ko Madina. Ba a ajiye su a ƙasa, ba a tsallake su, kuma yaron da zai taɓa sai ya yi alwala. Akwai gidajen da ba sa rataye hoton mutum ko kaɗan, aya kawai, ni kuma ba na shiga wannan muhawarar, na malamai ce.

Matsalolin yau da kullum kuwa na mutane ne. Ga mai kiran waya ya ce hoton "kamar taƙi biyu na hannu", da hannun wa? Wani ya taɓa aiko mini da tsinken tsintsiya biyu a matsayin awo, kuma gaskiya ya fi na mai wayar. Ga mai turo hoto ta WhatsApp, wanda ya bi ta waya biyar, yana so a buɗa shi inci 20 da 24, in ya fito dishi-dishi ya ce gilashina ne. Ga jana'izar Asantawa, wadda aka fi yi ranar Asabar, an san ranar tun wata guda, amma sai Juma'a da magariba a shigo da hoton mamaci ana haki. Ba a fafe gora ranar tafiya, sai dai ni na fafe da yawa, don haka kullum akwai firam na manyan awo a haɗe suna jira. Ga dattawan da har yau da tsohon sidi suke lissafi, na kafin canjin 2007, ka ce sidi 100 su ce miliyan ɗaya ke nan, su dafe ƙirji.

Sandunan roba na Sin sun cika kasuwa, masu ruwan zinariya da zane, ƙwaro ba ya ci, laima ba ta kumbura su. Ina aiki da su, ƙarya ne in ce ba na yi, amare ma su suke so. Amma in ya faɗi ya karye sai bola, kuma farashinsa dala yake bi. A 2022, da dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 13, na faɗi kuɗin aiki ranar Litinin, na je sayen kaya ranar Alhamis na tarar ribar ta tafi. Tun daga nan sai an ba da rabi ta momo, wato turo kuɗi ta waya, nake ɗaga zarto.

Duk da haka akwai waɗanda suka biya rabin suka ɓace. A saman ƙofar ciki akwai hoton wasu ango da amarya, inci 16 da 20, firam na wawa da baƙin fenti, tun 2021. Na kira har na gaji. Ba zan sayar da fuskar mutane ba, ba zan kuma jefar ba, sai ya zama ma'aunina. Duk ƙarshen hunturu nakan sa yaro ya sauko da shi, in share ƙurar, in bi kusurwoyin da farce. Bana ma na duba, huɗun duk a rufe. Lambar angon dai har yanzu a kashe take.