Idan Mota Ta Fara Zafi Bayan Ɗan Ƙaramin Karo

A cunkoson titunan Kano da Kaduna ba a rasa ƙananan karo: mai Adaidaita Sahu ya taka birki ba zato, motar da ke bayansa ta doke shi, a fito a dubi bamba da fitila, jama'a su ba da haƙuri, a sasanta a kan kuɗin fenti, kowa ya kama gabansa. Bayan 'yan kwanaki sai allurar zafi ta fara hawa, mai mota kuwa ya riga ya manta da karon, har ya je wurin bakanike bai ambata masa shi ba. A ganina wannan mantuwa ce take jawo a kashe kuɗi a kan abin da lafiyarsa ƙalau, alhali ainihin ɓarnar tana nan a bayan bamba.

Bambar motocin yanzu roba ce, tana lotsawa ta koma yadda take, amma abin da ke bayanta ba ya komawa. Akwai kwandansar iyakwandishan, wadda take huce gas ɗinsa, sai lagireto dab da ita, sai fanka a cikin gidanta na roba. A Corolla da Camry da Accord da muke hawa, tsakiyar lagireto alminiyam ce, tankunansa kuwa roba ce da aka matse a jikin ƙarfen, kuma robar da ta shekara goma sha tana shan zafi ta riga ta bushe. Ɗan bugu kaɗan ya isa ya tsaga tankin, ko wuyan da tiyo yake shiga, ko ya karya ƙafafun da lagireton yake zaune a kansu.

Irin wannan tsaga ba ta cika zubar da ruwa ba idan inji yana sanyi, kuma dalilin yana ga murfin lagireto. Murfin yana riƙe matsi, a yawancin motocin Japan tsakanin 0.9 da 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", kamar yadda aka rubuta a samansa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma idan aka gauraya shi rabi da rabi da kulan, wato ruwan sinadarin sanyaya inji, aka kuma matse shi, ba ya tafasa sai ya haura digiri 120. Inji kuwa yana aiki ne a kusan digiri 90 zuwa sama kaɗan. Da zarar ya ɗauki zafi, matsin ya buɗe tsagar, ruwa ya fita a matsayin feshi ko tururi, ya bushe kafin ya kai ƙasa. Matsin ma ya tafi, don haka ruwan da ya rage zai tafasa da wuri ko da bai ragu sosai ba. Shi ya sa mutum zai rantse cewa motarsa ba ta yoyo, domin bai taɓa ganin ɗigo a inda yake ajiye ta ba.

Dubawa da safe ake yin ta, kafin a tayar da inji, kuma ba a buɗe murfin lagireto da zafi ko da an naɗe hannu da tsumma, domin ruwan yana iya tsartuwa ya sale fuska. A duba cikin lagireton kansa, kada a tsaya ga robar ajiya ta gefe, saboda idan iska tana shiga ta wata kafa, robar za ta zauna a cike alhali lagireto ya yi ƙasa. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban motar ya kwana. Ruwan iyakwandishan fari ne tas, ba shi da wari, kuma yana ɗiga ta wajen ƙafar fasinja. Kulan yana da launi, kore ko ja-ja ko shuɗi, yana da santsi a yatsa da ƙamshi mai zaƙi, kuma idan ya bushe yana barin ɓawon gari a daidai inda ya fito. Wanda yake zuba ruwa zalla sai ya nemi zanen tsatsa. Kulan guba ne, zaƙinsa kuma yana jan yara da dabbobi, saboda haka abin da ya zuba a tsakar gida a wanke shi nan take. Idan ido bai gano komai ba, akwai ɗan famfon hannu da ake ɗaurawa a mazaunin murfi, a hura matsi daidai da na murfin alhali inji yana kashe. Idan allurarsa tana sauka, akwai kafa, kuma galibi za a ga ɗigon. Bakanike mai wannan famfo ya fi mai canki araha, ko da kuɗin aikinsa ya fi yawa.

Lokacin da zafin yake tashi shi ma shaida ne. Motar da take zafi a cunkoso, amma ta huce da zarar ta samu hanya, fankarta ake tuhuma: ko gidanta ya karye ya riƙe fiffike, ko soket ɗinta ya zare, ko fis ya ƙone sa'ad da ta yi ƙoƙarin juyawa a maƙale. A yawancin motoci fanka tana tashi idan an kunna iyakwandishan, sai dai idan karon ya huda kwandansa gas ya fice, wannan gwaji ba zai nuna komai ba. Rashin sanyin da ya zo bayan karo ma alama ce cewa bugun ya kai ciki. Motar da take lafiya a tsaye amma ta yi zafi a kan gudu ko a hawa, ruwanta ne ya ragu, ko siraran fikafikan lagireto sun lanƙwashe sun hana iska wucewa. Allurar da take hawa tana sauka ba tsari kuwa tana nuna iska ta maƙale a hanyar ruwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne allurar da ta hau sannan ta faɗo da kanta alhali ana tafiya. Na'urar da take auna zafi a cikin ruwa take zaune, idan ruwan ya ƙare sai ta riƙa auna iska, direba ya ɗauka an samu sauƙi, inji kuwa yana ƙuna. Kan injin alminiyam ne, yana karkacewa da zafi, gaskit ɗin da ke tsakaninsa da jikin injin ya ƙone. Alamominsa su ne farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya ɗumama, da kumfa da ke tasowa a bakin lagireto ba tsayawa, da baƙin mai da ya koma kamar shayi mai madara. A mota mai giyar otomatik akwai ƙarin abin dubawa, domin a yawancinsu man giya yana bi ta cikin tankin lagireto ya huce, kuma idan bututun ya tsage a ciki, ruwa ya shiga giya.

Ban yarda da maganin da aka fi yi mana ba, wato a cire tamostat, abin da ke tare ruwa daga shiga lagireto har inji ya ɗumama, a kuma haɗa fanka kai tsaye, wai don an ƙera motar ne saboda ƙasar sanyi. Motar da ta yi shekaru tana ratsa zafin watan Afrilu da tamostat ɗinta ba ta gano yanayin Kano ba ne a makon da aka buge ta. Tamostat yana buɗewa ne a wajen digiri 82 a motocin Toyota da yawa, cire shi kuwa yana ɓoye alamar kawai, ya ƙara shan mai, yoyon kuma yana nan. Haka nan fasa ƙwai a lagireto yana iya toshe kafar na ɗan lokaci, tare da siraran hanyoyin da ruwa yake bi.

Tankin roba da ya tsage ba ya daɗewa da gam, sauya lagireto ya fi. Amma mai gyaran jiki ne zai fara miƙe ƙarfen da lagireto yake zama a kai, domin idan aka cusa sabo a karkataccen mazauni, zai tsage a inda tsohon ya tsage. Wanda zai sayi lagireto na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ya sa a toshe bakunansa, a hura masa iska a cikin ruwa a gabansa kafin ya biya, ya kuma sayi sabon murfi. Bayan an ɗaura, a zuba kulan da tataccen ruwa maimakon ruwan rijiya, a bar inji yana aiki har tamostat ya buɗe iska ta fita, sannan a sake duba ruwan washegari da safe.