Inda Na Kai a Neman Takalmin Gudu a Gwanjon Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, abokan sassarfar asuba. Ga inda aka kwana a maganar takalmi, tunda da yawanmu a wannan gaɓar muke: numfashi ya fara daidaita, an daina tsayawa ana riƙe ƙugu a kowace kwana, sai kuma ƙafa ta ɓullo da nata ƙorafin. Ni ba gasa nake shirin shiga ba, gudun rage tumbi ne kawai bayan an sallame sallar asuba. Kambas ɗin da na fara da shi irin mai shimfiɗaɗɗen tafin nan ne na 'yan makaranta. A fili mai yashi bai taɓa damuna ba, amma da na koma kan kwaltar Ahmadu Bello Way sai ƙwauri ya fara zogi. Nan na san ya gama nasa aikin.

Sabon takalmin gudu na asali ya fi ƙarfin aljihun mafi yawanmu, sababbin da ke rataye a shaguna da sunan manyan kamfanoni kuma sau da yawa jabu ne. Don haka gwanjo na nufa, a babbar kasuwa. Ku je bayan la'asar, domin ƙafa takan ɗan kumbura idan an wuni ana tafiya, haka kuma take yi a cikin gudu. Ku tafi da safar da za ku riƙa sawa. Idan kun zura ƙafa, ku miƙe tsaye, ku danna gaban takalmin: tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmin a samu faɗin babban yatsan hannu. Wanda ya matse, farce ne zai biya, ya yi baƙi ya fita. Lambar 42 ko 43 kuwa kada ku dogara da ita, kowane kamfani da irin awonsa. A takardar da ke ƙarƙashin harshen takalmin akwai tsawo da santimita, shi ya fi faɗin gaskiya.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne soson nan da ke tsakanin ƙafa da robar ƙasa. Shi ke shanye dukan da kwalta ke yi wa ƙafa, kuma shi ke fara mutuwa tun saman takalmin yana ƙyalli. Masana sukan ce takalmin gudu yana gama aiki ne tsakanin kilomita 500 zuwa 800. To wanda ya yar da shi a Ingila ko Amurka har ya faɗo cikin dila, sau da yawa ya cinye wannan tafiyar ne. 'Yan gwanjo kuma sun iya wanki, sai su goge shi fes. Soson da ya mutu kamar tsohuwar katifa yake, daga nesa tana nan da kaurinta, sai ka kwanta ka ji katako.

Akwai wani shuɗi da ya ɗauke mini ido. Mai kayan yana ta cewa, "Yallaɓai, wannan ko sati ba a yi ana sa shi ba, duba ka gani." Na ce, "To Malam, ara mini bencinka." Na ɗora su biyun a kai, na durƙusa ina kallonsu ta baya. Na hagun ya karkace waje. Na kifa shi, zanen robar dunduniya ya cinye sumul har farin soso ya leƙo. A gefe kuma ga tamoji jere-jere, na danna da babban yatsa bai dawo da wuri ba. Mai kayan ya yi dariya ya ce, "Ashe ka san kan abin," ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur.

Daga nan duk wanda na ɗauka sai na lanƙwasa shi. Mai kyau a wajen yatsu yake lanƙwasuwa, ba a tsakiya ba. In matsa bayan dunduniya in ji ko yana da ƙarfi, in zare shimfiɗar ciki in leƙa, in bi bakin gam da farce, don takalmin da ya daɗe a ajiye yakan saki baki da zarar ya sha zafin bazararmu. Ku kuma duba lambar ƙafa biyun, saboda a wajen tsince dila akan haɗa masu kama da juna alhali ba tare aka yi su ba. 'Yan'uwa mata da ke fita zagaye, naku yawanci ya fi na maza tsukewa, mai faɗin tafi kada ta ji kunyar gwada na maza.

Wani a cikinmu ya dage sai irin na Eliud Kipchoge, mai siririn faranti mai tauri na kabon a cikin sosonsa, wanda ya yi gudun fanfalaki da shi ƙasa da awa biyu a birnin Viyana a 2019. Irinsu ne suka sa hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin tafi zuwa milimita 40 a 2020. Na masu neman karya tarihi ne, ga tsada, ga saurin lalacewa, ga rashin tsayuwa daram ga mai tafiya a hankali irina. Wani kuma ya kawo hujjar Abebe Bikila na Habasha da ya ci zinare ba takalmi a gasar Olamfik ta Rum a 1960. Gaskiya ne, sai dai a titin Rum babu tsidau.

Na ƙarshe da na saya ba shi da wani kyau, ruwan toka ne, amma sosonsa na da rai kuma samansa raga ce mai shan iska. Ragar tana da nata aibin: ƙurar hunturu tana shiga har cikin safa, idan na sauka kan burji ta hanyar Kalgo kuma ƙarangiya ta cika igiyar. Na fara ne da yawo da shi cikin unguwa, sannan gajeren gudu. Zogin ƙwauri ya yi sauƙi sosai. Bayan dunduniya ya so ya yi bororo, sai na zura igiya a ramin nan na ƙarshe na sama da kowa ke tsallakewa, na ɗaure, ƙafar ta daina zamewa. Wanki da hannu nake yi in shanya a inuwa, ba na barinsa a rana ko a but ɗin mota.

Yanzu na fara rubuta nisan kowace fita a waya don in san lokacin da takalmin zai kusa kilomita 500. Ranar Asabar in sha Allahu zan gwada shi a filin wasa na Haliru Abdu. Wanda ke shirin shiga kasuwa a makon nan ya yi mini magana mu je tare, ya dai taho da safarsa.